Ranar da Kyaftin Ya Nemi Zazzaɓi Ya Rasa

Kyaftin mai gyaran firiji ne, amma in ka kira shi mai firiji ba zai waiga ba. Shekararsa hamsin da takwas. Yana da tumbin da ke riga shi shiga ɗaki, da gashin bakin da yake murzawa duk lokacin da zai shara ƙarya, har gefen dama ya fi na hagu tsini. Sunan Kyaftin kuwa shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta nanatawa har matarsa ma ta gaji ta kama.

Majalisarsu a shagon Mai Aski take, don shi ke da talabijin mai faɗi da benci biyu. A nan suke korar masu horar da manyan ƙungiyoyin ƙwallo na duniya, su ɗauki wasu, ba tare da kowa ya ɗaga daga benci ba. Akwai Malam Lissafi, tsohon malamin sakandare da ba ya barin magana ta wuce bai auna ta ba. Akwai Direba, akwai Tela. Dukkansu sun haura hamsin, kuma babu wanda zai hau bene hawa biyu bai tsaya a tsakiya ya yi kamar yana duba waya ba.

Wata Lahadi suka hallara don kallon wasan da suka yi mako guda suna musu a kansa, sai aka sanar an ɗage shi. An gwada 'yan wasa, an sami shida ɗauke da ƙwayar cutar nan mai sa tari da zazzaɓi.

"Kun gani ko?" in ji Kyaftin, ya buga cinya. "Ƙato guda, an cusa masa auduga a hanci, an ce ya je ya kwanta, shi kuma ya tafi. A zamaninmu wa ya san wani gwaji? Ni na buga wasan ƙarshe da zazzaɓin da in ka aza ƙwai a goshina sai ya dahu. Uku na zura a raga."

"Wancan makon biyu ka ce," in ji Malam Lissafi.

"Ta ukun alƙalin wasa ne ya hana. Daga baya ya biyo ni gida ya ba ni haƙuri."

Malam Lissafi ya ce, "To ni dai gwajin nan na ga amfaninsa. Mutum ɗaya ya yi tari a ɗakin canja kaya, ya kwantar da ashirin. Kuma yaran yanzu sun fi ku gudu nesa ba kusa ba. Ana auna su, ana duba abin da suke ci, har barcinsu ƙirga shi ake yi."

"Gudu ne ƙwallo?" Kyaftin ya ce. "In gudu ne a ɗauko ɓarawon waya mana a ba shi riga. Mu da kai muke bugawa."

"Shi ya sa kan ya yi sanƙo," in ji Mai Aski.

Tela ya ce shi abin da ke ɓata masa rai rigunan yanzu ne, kamar an shafa wa mutum fenti. Direba ya ce matsalar babu filaye, duk inda yara ke wasa an kafa shaguna. Mai Aski ya ce ko da filin, wa zai koya musu? Nan Kyaftin ya miƙe ya murza gefen dama.

"Ga mai koyarwa a gabanku kuna tambaya. Makaranta zan buɗe. Makarantar Ƙwallo ta Kyaftin. Shekara uku kacal, za ku ga yaran layin nan a cikin talabijin ɗin nan."

A kan kujerar aski akwai wani saurayi mai gyaran waya, rabin kansa a aske. Shi ne shugaban ƙungiyar samarin unguwa, Lamba Tara ake ce masa. Ya daɗe yana danne dariya, sai ta kufce masa.

"Me aka yi?" Kyaftin ya tambaya.

"Ba komai, Baba. Aska ce ta yi min cakulkuli."

"Kai, yaro, ni da tsofaffin nan, yadda ka gan mu, za mu ba ku ci biyar mu koma mu sha shayi."

Tsofaffin suka dubi juna. Babu wanda ya tuna an yi shawara da shi.

"Baba, da girmanka, kada mu ji muku ciwo."

Wannan ita ta ƙarasa aikin. Kafin a gama aske ɗaya rabin kan, an tsayar da magana: ranar Asabar, ƙarfe huɗu, bakwai-bakwai, a filin makarantar firamare. In tsofaffi suka ci, samari duka za su shiga makarantar Kyaftin su riƙa ce masa Koci. In samari suka ci, Kyaftin ba zai ƙara buɗe baki a shagon aski ba har ƙarshen kakar wasa.

"Wata biyar ke nan," in ji Malam Lissafi. "Allah Ya ba samari sa'a."

"Kai ne golanmu," in ji Kyaftin. "Tunda ka san kusurwa."

Sai da ya kama hanyar gida iska ta buge shi, sannan ya fara jin nauyin abin da bakinsa ya ɗauko. Gaskiyar da babu wanda ya sani a layin ita ce, a duk rayuwarsa sau ɗaya ya taɓa shiga wasa na gaske, minti goma sha ɗaya, ranar da mutum uku suka makara. Sauran shekarun aikinsa riƙe wa 'yan wasa agoguna da silifa a bakin fili. Ya daɗe yana ba da ɗaya labarin har shi kansa yakan ji kewar ƙwallayen da bai ci ba.

Matarsa tana ninke wanki ya shiga ya faɗa mata, cikin muryar wanda aka naɗa sarauta.

"Kai?" ta ce. "Kai da in ka sunkuya ɗaura takalmi sai an ɗago ka?"

"Ba ki san ni a fili ba."

"Na san ka. Yayanka ya ba ni labarin agogunan tun muna amarci."

Kyaftin ya leƙa waje ya rufo ƙofa. "Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan."

"Shekara talatin tana tsaye. Kai ne za ka fitar da ita ranar Asabar da ƙafarka."

Washegari ya je neman fili. Hedimasta ya ce ya yarda, har ma shi zai busa usur, amma da sharaɗi: babu wanda zai shiga harabar makaranta sai an duba lafiyarsa, don ranar Litinin yara za su dawo. Kyaftin ya buɗe baki zai fara wa'azinsa na zamanin da, sai wani tunani ya faɗo masa, ya rufe bakin.

"Wannan ai dole ne, ranka ya daɗe. Lafiya ita ce gaba. Ni da kaina zan kula da shi, ina da na'ura."

Yana da ita kuwa. Ma'aunin zafi ne mai kama da bindiga, wanda yake haska wa injin firiji. A gefensa akwai wani ɗan maɓalli, in ka danna shi sai lissafin ya juya zuwa wani ma'auni daban, talatin da bakwai ta koma casa'in da takwas. Tsofaffi za a auna su ba a danna ba. Samari huɗu da suka fi iya wasa za a danna musu. Su koma gida su kwanta, a ce ƙungiyarsu ba ta cika ba, a ba tsofaffi nasara babu wanda ya yi gumi. Kyaftin ya fito daga ofis yana jin tausayin masu ƙaramar ƙwaƙwalwa.

Duk da haka sai an yi atisaye don idon jama'a. Ya cike bakwai ɗin da Mai Gadi da Mai Kanti, ya tara su ranar Talata da safe a bayan garejin da Direba ke ajiye bas. Ya ce a fara da miƙa jiki, kowa ya taɓo yatsun ƙafarsa. Direba ya sunkuya, wani abu ya ce ƙas a bayansa, ya tsaya a haka yana kallon ƙasa.

"Ɗago mana."

"In zan iya ɗagowa, hira nake yi da tururuwa?"

Aka jingina shi da tayar bas. Aka ce a zagaya gareji sau biyar. Mai Kanti ya yi rabin zagaye ya ce ya tuna bai kulle shago ba. Mai Gadi, da ya kwana a tsaye, ya zauna ɗaura igiyar takalmi barci ya kwashe shi. Kyaftin bai yi gudun ba, ya ce koci ba ya gudu, ido yake sawa.

Sannan ya ce zai nuna musu bugun da ake kira ayaba, wanda ƙwallo ke lanƙwasa a iska. Ya ajiye ta, ya ja baya, ya ɗirka mata tsinin ƙafa. Ta lanƙwasa kuwa, ta haura katanga, aka ji ƙarar fashewar gilashi, sannan aka ji muryar mace.

Maƙwabciyar ta fito da ƙwallon a hammata. "Wane ɗan marar tarbiyya ne?" Ta duba ba ta ga yaro ba, sai furfura. "Innalillahi. Ku ne? Da jikokinku?"

"Hajiya, ci gaban wasanni ne," in ji Kyaftin.

"Ci gaban ya shigo min ta taga. Ka zo ka ɗauke shi ka sa wani gilashin."

Ba ta bayar da ƙwallon ba. Ranar Laraba da Alhamis sai a kan takarda aka yi atisaye, a shagon aski, Kyaftin yana zana kibiyoyi, Direba yana kallo a karkace.

Ranar Juma'a Tela ya kawo riguna. Kowa ya zo an auna shi, ban da Kyaftin, wanda ya aika da awonsa a rubuce, ya ce jikin ɗan wasa ba ya canjawa. Awon na shekara talatin da biyar da suka wuce ne. Sai da mutum biyu suka taya shi rigar ta shiga, ta tsaya a saman cibiya ta ƙi gaba.

"In buɗa maka gefe?" in ji Tela.

"Bar ta. Haka ake yayi."

"Ai kai ka ce ba ka son na yanzu."

"Kai ka ce. Ni numfashi kawai nake nema."

Ranar Asabar tun ƙarfe uku bakin makaranta ya cika. Labari ya zaga, mata sun fito da kujeru, masu sayar da ruwan sanyi sun kafa laima, har maƙwabciyar mai taga ta zo da ƙwallon, ta ce tana so ta ga ƙarshen ci gaba. Kyaftin ya sa tebur a bakin ƙofa, ya ɗaura ƙyallen rufe hanci, ya riƙe bindigarsa, Hedimasta na tsaye a gefe.

Tsofaffi suka wuce ɗaya bayan ɗaya. "Talatin da shida. Wuce. Talatin da bakwai. Wuce. Kun ga jinin da."

Lamba Tara ya matso. Kyaftin ya danna maɓalli da babban yatsa, ya haska masa goshi, ya ja da baya da ƙarfi.

"Subhanallahi! Casa'in da takwas!"

Jama'a suka watse kamar an jefa wuta. Lamba Tara ya dafa goshinsa. "Baba, lafiyata ƙalau."

"Haka cutar take yi. Ba ta sallama. Koma gefe."

Na biyu casa'in da takwas. Na uku casa'in da tara. Mahaifiyar na ukun ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka, tana cewa da safe ma ya cinye burodi guda shi kaɗai. Hedimasta ya zaro waya ya kira asibitin unguwa, ya ce a zo da gaggawa, samari suna tafasa a ƙofar makarantarsa. Wannan ba ya cikin shirin Kyaftin.

"Ba sai an kira kowa ba, ranka ya daɗe, su je gida su sha ruwa..."

"Kawo na'urar nan," in ji Malam Lissafi. Ya taho da safar gola a hannu, ya karɓe ta kafin Kyaftin ya kai yatsa ga maɓalli. "Ruwa a ɗari yake tafasa. Yaron da ke casa'in da tara ba tsayuwa zai yi ba, shayi za a haɗa da shi." Ya haska goshin Hedimasta. "Casa'in da takwas."

Hedimasta ya nemi kujera.

Ya haska na Kyaftin. "Ɗari da ɗaya. Kai ka ma ƙone." Ya juya na'urar, ya ga ɗan harafin da ke gefen lambar, ya danna maɓallin, ya sake haska Lamba Tara, ya ɗaga sama kowa ya gani. "Talatin da shida da ɗigo takwas. Shekara talatin ina koyar da wannan juyin a aji biyu. Kyaftin, ni za ka yi wa maguɗi da lissafi?"

"Kai fa golana ne!"

"Shi ya sa. In za a ci ni, a ci ni da gaskiya."

Aka yi masa caa. Mahaifiyar da ta yi kuka ta ce sai ya biya ta hawayenta. Kyaftin ya ce na'ura ce ta sami matsala, zafin rana ne, kuma ai gwada su yake ya ga ko suna lura. Yana cikin haka babur ya tsaya, ma'aikaciyar asibiti ta sauko da akwati. Da ya ga ko wace ce, sai ya hau jan riga yana neman rufe cibiya. 'Yarsa ce ta fari, Nas.

Ta saurari bayani, ta dubi na'urar, ta dubi rigar da ta tsaya a saman cibiya. "Baba, wannan ba ta firiji ba ce?"

"Mamana, zafi ai zafi ne."

"To. Tunda an kira ni, kowa zai yi gwajin gaske. Ku yi layi."

Samari suka yi nasu suna dariya, suka shiga fili suna ɗumama jiki kafin sakamako ya fito. Kyaftin ya tsaya yana kallo. Lamba Tara ya ɗauki ƙwallo daga tsakiyar fili ya narka mata ƙafa, ta daki turken raga, ƙarfen ya yi ta kuka har bakin ƙofa. Kyaftin ya ji ƙarar a cikin haƙoransa. Nan take ya gane abu ɗaya ne ya rage zai cece shi: cutar nan da ya yi wata da watanni yana yi wa dariya. In aka same shi da ita, zai tafi gida da mutuncinsa, ya ce da ba don likitoci ba da an ga aiki.

Ya fara tari. Babu wanda ya kula. Ya ƙara da ƙarfi har da dafe ƙirji. Sannan ya zame ya zaga bayan bas ɗin Direba da ke tsaye a rana tun azahar, ya manna goshinsa a jikin ƙarfen, ya daure yana ƙirga har talatin, hawaye na zuba. Ya dawo yana tangaɗi.

"Mamana, taɓa nan. Jikina ba daɗi tun jiya. Ina jin ta kama ni."

Ta taɓa ta janye hannu. "Da zafi kam. Amma Baba, cutar nan ba ta rubutu."

"Wane rubutu?"

"Ga shi a goshinka. Lambar waya ce, a juye."

Direba ya matso a karkace ya duba. "Tawa ce. Ta jikin bas. Jiya aka yi fentin."

Dariyar da aka yi har masu ruwan sanyi sai da suka zauna. Nas ta zaunar da mahaifinta a kujera, ta ɓare tsinken auduga. Kyaftin ya ga tsawonsa, ya riƙe hannun kujera.

"Duk wannan zai shiga?"

"Kaɗan ne. Ɗaga kai."

"Tsaya. Ba a yi ta kunne?"

"Kyaftin," in ji Mai Aski, "ba auduga ce kawai ba? Ƙato guda?"

Tsinken ya shiga. Kyaftin ya saki wata ƙara da tun ranar da aka yi masa allura yana ɗan shekara shida bai yi irinta ba, ya kira sunan mahaifiyarsa, ya yi atishawa bakwai a jere. A ta bakwai rigar ta ce ɓarr daga hammata zuwa ƙasa.

"Alhamdulillahi," in ji shi da hawaye. "Na sami iska."

Aka jera 'yan faifan gwaji a tebur, aka ce a jira minti goma sha biyar. Layi ɗaya lafiya, layi biyu cuta. Duk wanda ke wurin yana roƙon layi ɗaya, Kyaftin kaɗai ya tsuguna a gaban nasa yana motsa baki yana roƙon biyu. Lokaci ya cika. Mutum goma sha huɗu, layi ɗaya-ɗaya.

"Mamana, duba da kyau. Ga wani siriri nan a ƙasa."

Ta sunkuya, ta hure shi. "Gashin bakinka ne, Baba. Lafiyarka ƙalau. Shiga fili."

Bai taɓa jin labari mai daɗi da ya ɓata masa rai irin wannan ba.

Tela ya kama rigar da fil uku. Hedimasta ya busa usur. Abin da ya biyo baya ba a kira shi wasa ba sai don babu wani sunan. Minti na farko Lamba Tara ya wuce Kyaftin ta dama, Kyaftin ya juya dama, kafin juyin ya ƙare an ci. Malam Lissafi yana tsaye a raga yana auna kusurwa da yatsa, ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa.

"Ba ka ce ka san kusurwa ba?" Kyaftin ya daka masa tsawa.

"Na san ta. Zuwa wurin ne matsala."

Mai Kanti ya bi ƙwallo har bakin layi, ya ga ƙofa a buɗe, ya ci gaba da tafiya. Direba yana gudu a karkace, duk inda ya nufa sai ya ƙare a tutar kwana. Mai Gadi ne kaɗai ya tare ƙwallo sau ɗaya, da bayansa, yana hamma. Kyaftin yana ta ihu, "Ba ni! Ba ni!" Da Mai Aski ya ba shi, sai ya ce, "Ba yanzu ba!"

Aka tafi hutu tara da babu. Tsofaffi suka zube a inuwa kamar buhunan da aka sauke daga mota.

"Dabara ce," in ji Kyaftin yana haki. "Muna gajiyar da su."

"Sun gaji kam," in ji Tela. "Da murna."

Bayan hutu samari suka rage wuta, don iyayensu na kallo kuma an fara harararsu. Da aka kai goma sha biyu, Lamba Tara ya raɗa wa mai tsaron bayansu magana. Kyaftin ya shigo da'irar gola yana neman inda zai tsaya ya huta, yaron ya ɗan taɓa kafaɗarsa da yatsa, ya ɗaga hannu da kansa ya ce ya yi laifi. Hedimasta ya busa fenariti. Golan samari ya koma jikin turke ya jingina, ya harɗe hannu, ya bar raga a buɗe kamar ƙofar gareji.

Kyaftin ya ajiye ƙwallo. Wannan ce damar da ya yi shekara arba'in yana ba da labarinta kafin ta zo. Ya ja baya taku goma. Ya ƙara biyar. Ya hango matarsa a cikin mata ta rufe ido da mayafi. Ya taho da gudu, ƙasa na amsawa, fil na farko ya tashi, na biyu ya bi shi, ya ɗaga ƙafa ya kai duka da duk ƙarfin da Allah Ya ba shi.

Wani abu baƙi ya tashi ya shige kusurwar raga ta sama, inda babu golan da zai kamo. Jama'a suka ɗauki ihu. Kyaftin, yana kwance rigingine, ya ɗaga hannu biyu sama.

Sai ihun ya juye dariya. Ya ɗago kai. Ƙwallo tana nan inda ya ajiye ta, ko motsi ba ta yi ba. Takalminsa ne ke lilo a cikin raga. A bayan cinyarsa kuma wani abu ya tsinke, yana jin sa kamar an soka masa sukundireba.

"Kusurwar dai ta yi kyau," Malam Lissafi ya ƙwalo daga ɗaya ragar.

Nas ta zo da gudu ta duba ƙafar, ta ce tsoka ce ta yage, mako shida ba tsayuwa. Babu gadon ɗaukar majinyaci, sai aka kawo teburin gwajin nan aka kwantar da shi, samari shida suka ɗaga shi a kafaɗa. Daga can sama ya ga duk layin, kowa na tafi yana share hawayen dariya. Ya duba cibiyarsa a waje, ƙafa ɗaya da safa mai huji, ya tuna da lambar Direba a goshi. Sai shi ma dariyar ta kama shi, tana ja masa cinya yana cewa wayyo.

"Lamba Tara," ya ce.

"Na'am, Baba."

"Minti goma sha ɗaya na taɓa bugawa a duniya. Sauran duk agogo nake riƙewa. Amma ko ɗaya bai taɓa ɓata a hannuna ba."

"To Baba ka riƙa zuwa kana riƙe mana wayoyi. Mako-mako sai an sace ɗaya."

"Ka ga aikin da na iya. Shi ne tun farko ba wanda ya tambaye ni."

A bakin ƙofa matarsa ta tare su, ta leƙa fuskarsa ta tabbatar da ransa, sannan ta gyara mayafi.

"Mako shida aka ce? Madalla. Ku wuce da shi kicin kai tsaye, ku ajiye shi a gaban firiji. Wata uku ke nan ba ya sanyi, kullum sai ya ce min yana da taron wasanni."

Samari suka juya za su bi ta lungun da ya fi kusa. Kyaftin ya ƙwanƙwasa teburin, ya sunkuyo da kai wajen kunnen Lamba Tara.

"Yaro, don Allah ku bi ta babban titi. Ba a taɓa ɗauka ta a kafaɗa ba, kuma daga nesa ba wanda zai san ci nawa aka yi."

Suka bi ta babban titi, yana ɗaga wa masu motoci hannu.